Inabin Inna da Tafiyata Maroko

Bari in faɗi wautata da bakina kafin Malam Isiyaku ya riga ni, don in shi ya faɗa sai ya ƙara mata gishiri. Ni, Alhaji Garba baduku na unguwar Dukawuya, da furfurata da tabon sallata, na hau jirgi na ƙetare hamada, na je na kai kaina gidan da ake matsar giya. Ba wanda ya ja ni, ni na zaɓi wurin. Tun da na dawo 'yan majalisarmu ta ƙofar gida suka hana ni sakat: yaya Maroko, yaya ƙwallo, wai da gaske an gan ka da kofi a hannu? Na gaji da maimaitawa, shi ya sa na zauna in rubuta da ɗan bokon da na tsinta a ajin yaƙi da jahilci. Wanda ya ga harafi ya karkace, ya miƙe shi da kansa.

Amma ba za ku gane tafiyar ba sai kun san bishiyar da ke tsakar gidana.

Inna, mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ita ta dasa ta. Wata ƙawarta ce, jikar Larabawan cikin birni, ta ba ta ɗan reshen inabi, ta kafa shi kusa da rijiya. Da ciwonta na ajali ya yi tsanani ta ce min, "Garba, ka kula min da inabin nan." Ni kuwa na kula. Safe da yamma ina ba ta ruwa. Na kafa mata rumfa, ta hau, ta cika, na ƙara wata. Yaron da ya tsinki ganyenta ya san sauran. Hajiya Rabi, uwargidana, ta sha cewa a rage mata rassa saboda shara da sauro, ni kuma in ce wuƙa ba za ta taɓa amanar Inna ba ina raye. Bishiya ta yi kore shar, ta yi inuwa, har baƙi kan tsaya su yaba. Abu ɗaya ne kawai ba ta yi: 'ya'ya.

To ga Kabiru, ɗana, zai yi aure, kuma ba inda za a fitar masa da ɗaki da falo sai wajen rijiyar nan. Ya same ni da ladabi ya ce, "Baba, inuwa kawai muke ci. In an sare ta, ni zan sayo maka inabi duk Juma'a." Raina ya ɓaci, bakina ya riga hankalina, na ce a gaban uwarsa, "In damina ta faɗi ba ta haihu ba, ka kawo gatari da kanka." Hajiya ta ce, "Na shaida." Na kwana da sanin na yanke wa bishiyar Inna hukunci da harshena.

Ana cikin haka 'yata Bilkisu da mijinta Nasiru, da ke zaune a Abuja, suka ce sun biya min kujerar zuwa kallon gasar ƙwallon ƙasashen Afirka a Maroko, don sun san tun ina saurayi ƙwallo ce cutata. Suka haɗa ni da aminina Malam Isiyaku, Bazazzage mai sayar da littattafai, wai ya yi min tafinta tunda ya sha Larabci. Kun san tsakanin Bakano da Bazazzage; ko a jirgi ba a sulhu.

Nasiru ya bugo waya ya ce tsarin tafiyar ya haɗa da yawon buɗe ido kafin wani wasa, sai in zaɓa: hawan raƙumi, ko ziyarar gonar inabi a wajen garin Maknas.

Na ce, "Raƙumi kuma? Wanda nake gani kullum ana kai wa mahauta? Sa min inabi."

Ya ce, "Baba… ka tabbata?"

"Me ya faru?"

"A'a, ba komai. Wurin ne dai… akwai wasu 'yan abubuwa."

"Inabi dai ake nomawa ko?"

"Shi ne, Baba."

"To sa min."

Daga baya na gane yaron nan ya san komai. Kunyar suruki ce ta hana shi furta kalmar giya a kunnena. Ya gwammace in je in gani da idona da ya buɗe baki ya faɗa. Tarbiyya ke nan, kuma ita ta kusa jefa ni a cikin ganga.

Daga Kano muka sauka Legas, daga Legas sai Kazablanka. A nan na fara ba da kunya. Wajen duba fasfo akwai wata na'ura da ake ɗora yatsu a kai. Kowa ya ɗora ta yi kore ya wuce. Ni na ɗora ta yi ja. Na goge a riga na sake, ja. Jami'in ya kama hannuna ya juya yana kallo. Shekara da shekaru ina jan zare da basilla a kan fata, zanen yatsuna ya shafe sumul kamar bayan cokali. Isiyaku daga baya yana cewa, "Ka gani ko? Bakano, ko yatsansa ba ya yarda a san gaskiyarsa." Sannan ya matso ya yi wa jami'in bayani da Larabcinsa na littafi, da ƙalƙala da madda, kai ka ce huɗubar Idi yake. Jami'in ya danne dariya, ya kira abokin aikinsa ya zo ya ji. Ƙarshe suka ce in shafa yatsun a goshina in sake gwadawa. Maiƙon goshin Bakano ya yi aiki, na'ura ta yi kore.

Jirgin ƙasa ya kai mu Fas. Ruwan sama ake yi, da wani sanyi mai shiga ƙashi wanda babbar riga ba ta san maganinsa ba. Kafin mu kai masauki sai da muka sayi irin jallabiyarsu mai kauri, mai hula a haɗe da tsini a ƙeya. Na dubi Isiyaku a ciki na ce ya yi kama da tulun da aka kifa wa mazurari. Ya ce ni ma don ba madubi a gabana ne.

Tsohon garin Fas kuwa, wallahi kamar an ɗauko cikin birnin Kano an matse shi. Lungu cikin lungu, mota ba ta shiga, sai alfadari da kaya, mai shi yana ihu a ba shi hanya. Masaukinmu ƙofarsa ƙarama ce, sai ka sunkuya, amma kana shiga ga tsakar gida da tayil da ruwa yana tsiri a tsakiya. Irin halinmu ne: a ɓoye arziki a bayan bango. Kyanwoyinsu ƙosassu, suna kwance a ƙofar masallaci ba mai korarsu.

Abinci dai na ci, ban ce na gane ba. Aka kawo nama a wani kasko mai murfi kamar malafa, na kai loma na ji zaƙi. Nama da zuma da busassun 'ya'yan itace! Na zaro ƙullin yajina daga aljihu na barbaɗa, mai masaukin ya riƙe baki kamar na zagi kakarsa. Kuskus ɗinsu ɗan'uwan burabusko ne, da shi muka shirya. Komai da burodi, ba cokali. Shayi kuwa da na'ana'a, ana ɗaga buta sama a tsiyayo shi daga nesa har ya yi kumfa. Na gwada a gaban Isiyaku, na ƙona gwiwata.

Aka kai mu majemarsu, inda ake jimar fata da rina ta a ramuka, kamar a ce an haɗa majemarmu da karofin Ƙofar Mata wuri guda. A bakin ƙofa ana raba wa baƙi ganyen na'ana'a su toshe hanci. Aka miƙo min, na ce su riƙe abinsu. Na ja numfashi na cika ƙirji, na ji ni a gida. Na ɗauki wata jar fatar akuya na murza, na ce wa mai shagon kakannin wannan daga wajenmu ayari ke kawo su. Isiyaku ya fassara, mutumin ya ce ya sha jin haka daga tsofaffinsu, ya ba mu shayi. Ranar na yi tafiya kamar ni na gina garin.

Wasan farko da muka kalla ba zan ja shi ba, kun gani a talabijin. Abin da ba ku gani ba shi ne kowa da lambar kujerarsa, kuma ka je ka tarar ba wanda ya zauna maka. 'Yan Legas da kakaki da ganguna suka sa ni a tsakiya suna kirana Baba Kano. Muka ci, na yi tsallen da gwiwata ta kwana tana tuna min.

Sai ranar gonar inabi, wadda ta faɗo ranar wani wasan namu na yamma. Za a je da safe, a dawo da mu filin wasa kai tsaye. Na shiga bas da jakar leda babba a aljihu, don na yi niyyar in ci in ƙoshi in kuma yo wa Hajiya tsaraba. Cikin motar akwai Turawa, akwai wasu 'yan ƙasarmu na kudu, duk suna ta fara'a. Wani ya dube mu da jallabiya da carbi ya ce, "Alhaji, ku ma?" Na ce, "Mu ma. Ai ni a gida ma ina da ita." Ya tafa min hannu yana dariya. Ban gane dariyar ba sai daga baya.

Da muka isa na leƙa ta taga ina neman kore. Babu. Tudu bayan tudu, layi bayan layi, ba komai sai kututture baƙaƙe, gajeru, tsirara, kamar gonar da gobara ta cinye. Na ce wa Isiyaku, "An cuce mu. Gonar ta mutu."

Jagorarmu, wata yarinya mai laima, ta shigar da mu wani dogon gini ta gangara da mu ƙasa. Tun daga matakala wari ya tare ni, irin wanda kan bugi hancin mutum in ya ratsa wasu lungunan Sabon Gari. Ga ganguna na katako jere har rufi. Ga tebur da kofunan gilas masu dogon wuya. Isiyaku ya karanta wani allo a bango, ya kama hannun rigata.

"Garba. Inna lillahi. Ka san inda ka kawo mu?"

"Ina?"

"Gidan giya ne! Nan ake yin ta!"

Kafin in rufe baki wani ma'aikaci ya saka min kofi a hannu. Wanda ya ce an gan ni da kofi bai yi ƙarya ba, amma kofin wofi ne, kuma na ajiye shi kamar garwashi. Sai dai ban fita nan take ba, don abin da na gani ya fi ƙarfin hankalina. Aka zuba wa Turawan nan. Kowa ya juya kofinsa, ya ɗaga shi sama ya ƙura masa ido, ya tura hanci ciki ya lumshe ido, ya kurɓa, ya kuskure baki da ita, sannan ya tofar a bokiti. Na ce, "Isiyaku, su ma ashe sun san ba ta da kyau." Ya ce, "In ba ka fito ba zan tafi in bar ka, kuma sai na faɗa a masallacin unguwarku." Ya ja hular jallabiyarsa ya rufe fuska don kada ya faɗa hoton wani, muka haura da gudu-gudu, muna istigfari a kowace matakala.

A waje ruwa ya tsagaita. Muka bi layin kututturan nan don mu yi nesa da ginin. Can ƙasa muka hango wani tsoho shi kaɗai a sunkuye, da almakashi a hannu. Na matsa na ga abin da yake yi. Reshe mai tsawo, lafiyayye, sai ya kama shi ya datse tun daga gindi ya jefar. Ya kama wani ya datse. Kafin ya bar bishiya ba abin da ya rage mata sai 'yan guntaye kamar yatsu.

Ban san sanda na ce da Hausa, "Kai, bawan Allah, me ta yi maka?" ba.

Ya ɗago. Isiyaku ya yi masa sallama. Sunansa Allal, ya girme ni, haƙoransa ba su fi nawa yawa ba. Larabcinsa da na Isiyaku rabi suke haɗuwa, sauran rabin da hannu muka ƙarasa. Na ce a tambaye shi me ya kashe gonar. Ya ce ba ta mutu ba, barci take, sanyi ne ya kwantar da ita, kuma yanzu ne lokacin aski.

Na zaro waya na nuna masa hoton tawa, da alfahari, kore shar har ta rufe rijiya. Ya kalla ya daɗe. Ya ce wani abu. Isiyaku ya fashe da dariya.

"Me ya ce?"

"Ya ce rumfarka ta yi kyau, ina inabin?"

Na ce ba ta haihuwa. Tsoho ya tambaya yaushe na yi mata aski na ƙarshe. Na dafa ƙirji na ce ƙarfe bai taɓa taɓa ta ba, amanar mahaifiyata ce. Ya tambaya ruwa fa? Na ce safe da yamma, rani da damina. Ya ajiye almakashinsa ya zauna a kan dutse, kamar wanda aka kawo wa labarin rasuwa.

Ya ce, "Ko sau ɗaya ba ta taɓa yi ba?"

Na yi tunani. Na ce sau ɗaya tak. Wata shekara ragon layyana ya tsinke igiya muna masallaci, ya haye buhunan da ke jikin rumfa, ya cinye ganyen, ya kakkarya rassan, ya bar ta kamar tsintsiyar da ta ƙare. Na yi baƙin ciki har na kasa cin abinci, kuma ranar Salla na yanka shi ba tare da na ji tausayinsa ko kaɗan ba. Bayan 'yan watanni ta fitar da 'yan nonnan inabi biyu ko uku. Na ɗauka Allah ne ya dubi zuciyata ya rarrashe ni.

Isiyaku bai gama fassarawa ba tsohon nan ya kwanta da baya yana dariya, yana buga cinya, har hularsa ta faɗi cikin taɓo. Da ya samu numfashi ya yi magana, Isiyaku ya juyo da murna a fuskarsa, don ya samu abin da zai riƙe ni da shi har kabari.

"Ya ce a gidanku manomi ɗaya ne, kuma ka yanka shi."

Na so in ji haushi, amma na ga gaskiyarsa. Na durƙusa kusa da shi na ce ya koya min.

Ya ce inabi in ka bar shi ya ji daɗi, ganye zai yi ta yi, ya manta da haihuwa. Sai ya yi barci, an aske shi, sannan ya farka da 'ya'ya. Na ce garinmu ba irin wannan sanyin. Ya ce to ƙishirwa ta zame mata sanyi: in hana ta ruwa har ganye ya yi laushi, in tsige sauran da hannu, sannan in yanke. Ya kama wani reshe ya nuna min 'yan ƙulle-ƙullen da ke jikinsa, ya ce idanu ne. A bar ido biyu, a datse sama da su, a karkace, don ruwa ya zame. In an gama a ba ta taki, a ba ta ruwa ta ƙoshi.

Ya miƙo min almakashin. Ni da na yi rayuwata ina yanka fata ba tare da hannuna ya karkace ba, sai ga ni ina tausayin reshe. Na datse can ƙarshen reshe, ɗan kaɗan. Ya buge min hannu kamar yaro, ya nuna ƙasa. Na runtse ido na datse. Ya ce haka. Na yi ta biyu, na yi ta uku. Kafin mu kai ƙarshen layin na fara jin daɗin abin, har yana cewa in sassauta.

Isiyaku dai bai haƙura ba, sai da ya tambaye shi yadda musulmi da shi zai yi wa masu giya noma. Tsoho ya ɗaga kafaɗa ya ce gonar ba tasa ba ce, shi hannunsa a itace yake tsayawa, bai taɓa sa abin a baki ba, kuma bishiyar da ke ƙofar gidansa ta inabin ci ce. Isiyaku ya ce wannan amsa ba ta isar ba. Tsoho ya ce ya sani. Ni dai na bar wa malamai wannan. Da za mu rabu ya shiga 'yar bukkarsa ya ɗauko wani tsohon almakashi mai ƙotar da aka naɗe da tsumma ya ba ni. Ni kuma na ba shi goro da sauran kilishina.

Muka hauro tudu, ba bas. Ta tafi. Mai gadi ya ce an ƙirga mutane an ce sun cika. Na ce wa Isiyaku ba mamaki, masu ƙirgar ba duka suka tofar a bokiti ba.

Ga wasa yana matsowa, ga mu a tsakiyar gonaki. Tsoho Allal ya tsayar mana da wata a-kori-kura ta maƙwabcinsa mai kai tumaki gari. Muka hau baya, ruwa ya dawo. Wani rago ya yi ta tauna tsinin hulata tun daga gonar har bakin titi, ban hana shi ba, don na fara ganin girman raguna. Daga nan muka shiga tasi irin tasu, ana cusa mutane kamar a tashar Ƙofar Wambai, Isiyaku rabinsa a cinyata, yana ƙamshin tumaki yana zagin Kanawa da kakanninsu.

A ƙofar filin wasa masu bincike suka lalubo almakashi a aljihuna. Suka ce ko shi ko ni. Daga ciki ina jin kakakin 'yan Legas. Na waiga, na ga wata dattijuwa a gefen titi tana sayar da dafaffen dodon koɗi a tukunya, abin da su suke sha da romonsa kamar farfesu. Na je na damƙa mata almakashin, na nuna filin, na nuna ƙirjina. Ta jefa shi a aljihun gabanta. Muna hawa matakala filin ya ɗauki ihu: yaranmu sun zura ƙwallo. Ban ga shigarta ba, amma na yi tsalle na rungume wani ƙaton Bayarabe da ban taɓa gani ba. Muka ci wasan. Da muka fito dattijuwar na nan, ta miƙo min kayana, ta kuma matsa sai na ɗanɗana romon. Na sha don kunya. Kada ku tambaye ni.

Almakashin nan da ya tsallake filin wasa, a filin jirgi na rasa shi. Isiyaku ya ce in sa shi cikin akwatin da za a auna, na ce abu mai daraja ba ya rabuwa da jikina. Na'ura ta yi ƙara, aka karɓe, aka jefa a kwando ina kallo. Sai da muka zauna a jirgi Isiyaku ya ce, "Allah ya jiƙan almakashi. Shi ma kulawarka ce ta kashe shi."

Da na dawo gida na raba tsaraba, na ɗauke bokitin ban-ruwa na kife. Hajiya ta zuba ido. Ganye ya fara yaushi, ya yi rawaya, ina wucewa ina kau da kai kamar wanda ake bin bashi. Da lokaci ya yi na tsige sauran, na wasa wuƙata ta yankan fata, na yi bisimilla, na ce, "Inna, ki yafe min in na yi kuskure." Na fara datsewa. Ido biyu, a karkace. Kafin azahar rumfar da ta rufe rabin gida ta zama tarin itace, rana ta faɗo tsakar gidan da ba ta taɓa gani ba.

Hajiya ta fito daga kicin ta saki salati. Maƙwabta suka leƙo ta katanga. Labari ya zaga unguwa cewa Alhaji Garba ya je Maroko ya sha wani abu ya dawo yana sare-sare. Kabiru kuwa ya zo ya durƙusa ya yi min godiya, ya ɗauka na sallama ne. Washegari sai ga tifa ta juye yashi a bakin lungu, ga bulo ana shigowa da shi a baro. Na ce, "Damina ta faɗi ne?" Ya ce, "A'a, Baba, amma ai…" ya nuna kututturen. Na ce a jira.

Abin da tsohon bai gaya min ba shi ne bishiyar za ta yi kuka. Bayan na zuba taki na ba ta ruwa, sai bakin kowane yanka ya fara ɗigar da ruwa fari, ɗis, ɗis, kamar hawaye. Na zauna a gabanta a kan turmi. Na ce shi ke nan, na biye wa mai yi wa 'yan giya aiki na kashe amanar uwata. Kwanakin nan ko majalisa ban fita ba.

Wata safiya ina alwala a bakin rijiya na ga idon nan ya kumbura. Bayan kwana kaɗan ya fashe, ɗan ganye ya leƙo, ja-ja, mai gashi. Sai wani, sai wani. Rassa suka miƙe suna kama rumfa. Sannan a jikinsu wasu 'yan abubuwa suka fito, cure-cure kamar kan gero yana ƙarami. Na ƙirga da ido na rasa lissafi. Ban gaya wa kowa ba, na je na kamo hannun Hajiya na kawo ta na nuna mata. Ta daɗe tana kallo, ta ce, "Ikon Allah."

Daga nan yaƙi ya koma tsakanina da tsuntsaye. Na kwance gidan sauronmu na lulluɓe rumfar, muka kwana sauro yana cinmu, Hajiya tana mita. Zafin bazara ya dafa su, suka tashi daga kore suka yi ja, suka yi baƙi-baƙi. Hadarin farko yana haɗuwa a gabas na sa wuƙa na yanko nonon farko, na kira Kabiru na ɗora masa a tafin hannu. Ya ɗanɗana, ya yi murmushi, ya ce zai yi magana da magini a ɗora ɗakin a saman zaure. Na ce ashe da wurin.

Na cika faranti na fitar majalisa. Waɗanda suka ce na sha wani abu su suka fi kowa miƙa hannu. Isiyaku ya ce da tsami, irin na Kanawa, ya cinye nono biyu ya kuma sa ɗaya a aljihu. Na aika wa Nasiru nasa Abuja a kwali, na ce a gaya masa na gode da kunyarsa.

Da yamma na dawo ciki na tarar da Hajiya a ƙarƙashin rumfa, sabon ganye ya fara yi mata inuwa, tana tsinkar inabi ɗaya-ɗaya tana ci. Na zauna kusa da ita na gyara murya, na fara ba ta labarin tsoho Allal tun daga farko, da ido biyu, da yadda ilimi yake sa mutum ya ƙetare hamada. Ta bar ni na kai aya. Ta tofar da ƙwallon a hannunta, ta ce:

"Wai Alhaji, abin da rago ya nuna maka kyauta a tsakar gidan nan, ka yanka shi a kai, shi ne ka hau jirgi ka je koyowa?"